Larurar Galahanga Da Aljihun Iyali: Yadda Iyaye Ke Rage Wa Juna Asara

Akwai wata asara da dubban gidaje a Nijeriya ke tafkawa kowace shekara, wadda ba ta fitowa a alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ba a kuma ambatonta a jawabin kasafin kuɗi. Ita ce asarar da ke biyo bayan samun yaro mai larurar da ta shafi bunƙasar ƙwaƙwalwa. Gidan da Allah ya jarraba da haka yakan wayi gari kuɗin da ke fita sun ƙaru, waɗanda ke shigowa kuma sun ragu, kuma al'amarin kan ɗauki shekaru masu yawa, wani lokaci iyakar rayuwar iyayen.

Larurorin iri-iri ne. Akwai wadda likitoci ke kira otizim, wadda kafofin watsa labarai na Hausa suka fi kira galahanga, ko da yake ana jingina kalmar ga wasu larurorin ma. Yaron da ke da ita yakan yi jinkirin magana ko ya ƙi yi sam, ba ya son haɗa ido da mutane, yakan naci abu ɗaya yana maimaitawa, sa'an nan ƙara mai ƙarfi ko sauya masa tsarin da ya saba da shi na iya tayar masa da hankali ƙwarai. Wasu kuwa bakinsu garau yake, har su yi fice a karatu, wahalarsu tana wajen cuɗanya da jama'a ne. Akwai larurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita saboda wani ƙari a ƙwayoyin halittarsa. Akwai kuma shanyewar gaɓoɓi sakamakon rauni a ƙwaƙwalwa, wadda a ƙasarmu sau da yawa takan samo asali daga doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai da ba a yi wa magani da wuri ba, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet Global Health ta buga a 2018, wanda Dokta Bolajoko Olusanya ta Legas ta jagoranta, ya ƙiyasta cewa a shekarar 2016 akwai yara 'yan ƙasa da shekara 5 har miliyan 52 da dubu 900 a duniya masu irin waɗannan larurori, kuma kimanin kashi 95 cikin ɗari na yaran suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Game da galahanga ita kaɗai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa tana shafar kimanin yaro ɗaya cikin ɗari. Nijeriya ba ta sake ƙidayar jama'a ba tun 2006, amma idan aka ɗauki ƙiyasin mutum sama da miliyan 220, waɗanda fiye da kashi 40 cikin ɗari daga cikinsu ba su kai shekara 15 ba, lissafin zai kai mu ga yara wajen dubu 900. Bayan kowane ɗaya daga cikinsu akwai gida, akwai kuma uwa.

A ƙasashen da ake bin diddigin irin wannan kashe kuɗi, adadin yana da ban tsoro. Masu bincike sun ƙiyasta a 2014 cewa kula da mutum ɗaya mai galahanga tsawon rayuwarsa a Amurka yana cin Dala miliyan 1 da dubu 400, idan kuwa larurar ta haɗu da raunin fahimta sai ya kai Dala miliyan 2 da dubu 400. Ba za a ɗauko waɗannan alƙaluma a ɗora wa Nijeriya ba, domin farashin aiki da na makaranta ba ɗaya ba ne. Abin lura shi ne yadda kuɗin suka kasu. Kaso mai tsoka na abin da aka lissafa a lokacin ƙuruciya kuɗin makaranta ta musamman ne, da kuma aikin da iyaye suka bari domin su zauna da yaron. Wani binciken da aka buga a 2012 ya gano cewa a Amurka iyaye mata masu 'ya'ya masu galahanga suna samun kuɗin da ya gaza na takwarorinsu masu lafiyayyun 'ya'ya da kashi 56 cikin ɗari.

Wannan ɓangaren shi ne ya fi kama da halin da ake ciki a nan gida. Matar da ke da rumfa a kasuwar Mile 12 ko ta Wuse, ko mai sana'ar ɗinki, ko malamar makaranta, jarinta na farko shi ne lokacinta. Yaron da ba a iya barinsa shi kaɗai ko na minti goma, wanda makarantar unguwa ta ce a zo a ɗauke shi, wanda maƙwabta ke jin nauyin karɓa, yana cinye wannan jari ɗungurungum. Rumfa takan koma buɗewa rabin yini, daga nan sai kwana uku a mako, daga bisani a sayar da ita. Sau da yawa babbar 'ya ce ake cirewa daga makaranta ta taya reno, ta haka asarar ta tsallaka zuwa zuriya ta gaba ba tare da kowa ya rubuta ta a ko'ina ba.

A ɗaya ɓangaren kuma kuɗin magani daga aljihu suke fita. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya majinyata da danginsu ne ke biya kai tsaye. Duk da dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta wajabta shiga tsarin, waɗanda ke ciki ba su wuce mutum ɗaya cikin goma ba. Ƙwararrun da yaron ke bukata, wato masu koyar da magana, masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, da likitocin ƙwaƙwalwa na yara, ƙalilan ne, kuma sun taru a manyan birane. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kokawa cewa membobinta da ke aiki a gida ba su kai 300 ba, masu kula da yara kuwa wani ɗan yanki ne na wannan adadi. Aikin nasu kuma ba na zuwa sau ɗaya ba ne kamar allura. Zama ne ake yi mako bayan mako, shekara bayan shekara. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura Naira dubu ɗaya kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa shi kansa ya zama abin da ake zama a yi shawara a kai. Mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 70 da aka amince da shi a Yulin 2024 ya zo ne a shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba.

Sai dai asarar da ta fi ciwo ita ce wadda ake yi kafin a san sunan larurar.

Tun a 1963 masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya nuna cewa kasuwar magani ta bambanta da sauran kasuwanni, domin mai saye ba shi da ikon tantance ingancin abin da ake sayar masa. Mai sayen buhun masara zai zura hannu ya duba. Uban yaron da bai yi magana ba yana shekara huɗu kuwa ba shi da abin da zai auna maganar mai magani da shi, ga shi kuma a matse yake, a shirye yake ya biya duk wanda ya ce masa akwai waraka. A irin wannan kasuwa mai alkawarin ƙarya ya fi mai faɗin gaskiya ciniki, domin gaskiyar ba ta da daɗin ji: galahanga ba ta da maganin da ke kawar da ita, abin da ake yi shi ne horo da koyarwa da haƙuri, waɗanda ke kawo ci gaba sannu a hankali. Don haka iyali kan yi shekaru suna yawo. A ce shafar aljanu ce, a ce sammu ne daga kishiya, a ce ɗan ruwa ne. A sayar da akuya, a sayar da gona, a ci bashi. Addu'a ba ta hana neman likita, kuma malamai na gari su ne kan fara cewa a je asibiti, amma a gefensu akwai 'yan kasuwa masu yawa da suka gano cewa iyayen da suka ruɗe ba sa tayin farashi. Masu riga irin ta likita ma ba a bar su a baya ba. A 2005 wani yaro ɗan shekara 5 da aka kai daga Ingila ya rasu a jihar Pennsylvania ta Amurka yayin da ake yi masa wani aikin wanke jini da aka ce yana warkar da galahanga. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sake gargaɗin jama'a kan wani ruwa da ake tallatawa da sunan maganin larurar, alhali sinadarin wanke tufafi ne.

Lokacin da aka ɓata a wannan yawo ya fi kuɗin tsada, domin shekarun farko su ne ƙwaƙwalwar yaro ta fi karɓar horo. Binciken da Dokta Muideen Bakare na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Inugu ya yi da abokan aikinsa ya nuna cewa a Afirka akan kai yaran asibiti a makare, kuma mafi yawan waɗanda ake kaiwa larurarsu ta riga ta yi tsanani.

A nan ne amfanin wata uwa da ta riga ta bi hanyar yake bayyana. Ba ta da abin da za ta sayar, ta kuma riga ta biya kuɗin kuskuren da sabuwar ke shirin yi. Ta san ranar da ake duba yara a asibitin koyarwa, ta san makarantar da za ta karɓi yaro da wadda za ta karɓi kuɗi ta ajiye shi a lungu, ta san cewa akwai hukumar tarayya da ke yi wa masu gashi da masu koyar da magana rajista, kuma iyaye suna da ikon neman ganin lasisi. Abin da ta tara cikin shekara biyar za ta iya miƙa shi a zaman yamma ɗaya, kuma ba ya raguwa a hannunta don ta bayar. Kaya irin wannan, da ake rabawa ba ya ƙarewa, kasuwa ba ta iya samar da shi yadda ya kamata, domin babu mai cin riba da shi.

Tarihi ya nuna cewa kusan duk abin da ake da shi a yau na kula da waɗannan yara iyaye ne suka fara shi. Likita Leo Kanner na Jami'ar Johns Hopkins shi ne ya bayyana siffofin galahanga a 1943, bayan nazarin yara 11. Shekaru da dama bayan haka ra'ayin da ya yi rinjaye a tsakanin masana shi ne wai rashin ɗumin uwa ke haddasa ta, ra'ayin da Bruno Bettelheim ya yaɗa ƙwarai. Wato Turai da Amurka ma sun yi nasu zamanin na ɗora wa uwa laifi, sai dai su da harshen boko suka yi. Wanda ya fara rushe wannan zance uba ne, Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam mai ɗa da larurar, wanda ya wallafa littafi a 1964 yana kafa hujjar cewa asalinta a halittar ƙwaƙwalwa yake. Shekara guda bayan haka shi da wasu iyaye suka kafa ƙungiyar galahanga ta Amurka. A Ingila wasu iyaye a Landan sun kafa tasu a 1962, cikinsu har da likita Lorna Wing, suka kuma buɗe makaranta a 1965 domin babu wadda za ta karɓi 'ya'yansu. Ƙarar da wata ƙungiyar iyaye ta shigar da gwamnatin jihar Pennsylvania a 1971 tana cikin abubuwan da suka kai ga dokar tarayya ta 1975, wadda ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar kowane yaro. Kafin dokar, yara naƙasassu fiye da miliyan ɗaya ne aka rufe wa ƙofar makaranta a Amurka.

A Afirka ma haka labarin yake. Serwah Quaynor ta koma Gana da ɗanta ta tarar babu inda za ta kai shi, sai ta kafa cibiya a Accra a 1998. Zemi Yenus, mai makarantar koyar da gyaran gashi da kwalliya a Addis Ababa, ta buɗe cibiyar Joy a 2002 da 'yan yara ƙalilan, ciki har da nata, ta riƙe ta har rasuwarta a 2021. A Legas, Rose Mordi ta kafa gidauniyar masu larurar Down a 2001 saboda 'yarta, Dotun Akande kuma ta bar aikin banki ta buɗe cibiyar Patrick ta koyar da magana a Ikeja a 2006. Bankin GTBank ya shafe fiye da shekara goma yana shirya taron shekara-shekara kan galahanga, inda ƙwararru ke duba yara kyauta. Yawan iyayen da ke yin layi a irin wannan taro shi kansa ma'auni ne na girman bukatar da babu mai biya mata.

Waɗannan duk manyan cibiyoyi ne. Tsarin da ya fi sauƙin kwaikwayo kuwa ya taso ne a garin Omaha na jihar Nebraska a 1971, kuma ba ya bukatar gini. Ana horar da uwa ko uban da ya daɗe da larurar a gidansa na 'yan kwanaki kan yadda zai saurara, da abin da ba hurumin sa ba ne ya faɗa, sa'an nan a haɗa shi da iyayen da aka gaya wa sakamakon ɗansu kwanan nan, waɗanda yanayinsu ya yi kama da nasa. Wani bincike da aka buga a 1999 a kan wannan tsari a jihohi da dama na Amurka ya gano cewa iyayen da aka haɗa da irin wannan aboki sun fi karɓar halin da suke ciki, sun kuma fi samun biyan bukatar da ta kawo su. Abin da ya fi tasiri shi ne kamanceceniya. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, to a nan ma maganar da likita zai yi sau goma ba ta shiga ba, wadda ta kwana da irin kukan za ta yi ta sau ɗaya a ji. A 2014 Jami'ar Vanderbilt ta gwada wani abu makamancin haka da iyaye mata 243, inda wasu iyayen da aka horar suka jagoranci zama na mako shida, kuma damuwa da ƙuncin zuciya sun ragu a tsakanin mahalarta. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ta fuskar tattalin arziki, domin uwar da ta karye ba ta sana'a ba ta kuma reno.

Mai karatu zai iya cewa ai muna da adashi, me zai hana iyayen su yi nasu? Akwai bambanci a nan da ya kamata a fahimta. Adashi yana tafiya ne domin bukatar masu zubi ba ta zuwa lokaci ɗaya: wannan za ta aurar da 'ya a watan Rajab, waccan za ta sari kaya bayan salla. Inshora ma haka take, masu lafiya da yawa ke ɗaukar nauyin majinyata kaɗan. A ƙungiyar iyayen yara masu larura kuwa kowa majinyaci ne, kowane wata, kuma babu ranar da za a ce an gama. Tara kuɗin mutum goma da kowannensu ke cikin rashi ba ya haifar da rarar da za a ba wani. Saboda haka ƙungiyar da ta ɗauka cewa asusu ne ginshiƙinta takan watse da wuri, galibi da rigima.

Abin da ya fi dacewa a kwatanta ta da shi shi ne gayya. Ƙarfi da lokaci ake haɗawa. A ɗauka mata shida ne a unguwa ɗaya, kowace tana zaune da ɗanta kwana shida a mako. Idan suka tara yaran a gida ɗaya, biyu suna tsaro kowace rana bi da bi, kowace za ta yi aikin kwana biyu ta sami kwana huɗu na sana'a. Babu ko kwabo da ya sauya hannu, amma kowane gida ya dawo da kashi biyu cikin uku na lokacin da ya rasa. Ba kowane yaro ne zai zauna a haka ba, wasu sai da mutum ɗaya a kansu, amma ko rabin wannan riba ba abin rainawa ba ne. Haka kuma ƙwararren da gida ɗaya ba zai iya ɗaukar nauyin zuwansa ba, gida shida za su iya, su kuma raba kuɗin mota zuwa asibiti. Makarantar da za ta kori yaro ɗaya ba tare da ta ji komai ba za ta yi tunani idan iyaye goma suka zo tare, ko don kuɗin makarantar 'yan'uwan yaran.

Sa'an nan akwai batun koya wa iyaye aikin da kansu, wanda a ƙasar da ƙwararru suka yi ƙaranci shi ne kaɗai hanyar da lissafi ya yarda da ita. Ƙwararre yana ganin yaro awa ɗaya a mako idan an yi sa'a, uwa kuwa tana tare da shi sauran sa'o'in. Wani gwaji da aka yi a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, aka buga sakamakonsa a 2016, ya nuna cewa ma'aikatan da ba ƙwararru ba za su iya koya wa iyaye dabarun jawo hankalin yaro zuwa ga mu'amala, kuma an ga ci gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani shiri a kan wannan tushe, mai zama 9 na rukuni da ziyarar gida sau 3, inda ake koya wa iyaye amfani da wasa da ayyukan yau da kullum, kamar wanka da cin abinci da sa tufafi, wajen koyar da magana da rage tarzoma. An gwada shi a ƙasashe da dama ciki har da Habasha da Kenya. Zaman rukunin yana da wata riba ta gefe: iyayen da suka haɗu a can sukan ci gaba da zumunci bayan an tashi.

Amma kada a yi wa abin kallon maganin komai. A Gana an gudanar da irin wannan horo na rukuni ga masu renon yara masu shanyewar gaɓoɓi, kuma rahoton da aka buga a 2018 ya nuna cewa jin daɗin rayuwar iyayen ya ƙaru sosai, sun kuma fahimci larurar, amma rashin abinci mai gina jiki a tsakanin yaran bai sauka ba. Sanin yadda ake ciyar da yaro daban, abin da za a zuba a kwanon daban.

Akwai wasu raunukan. Hanyar da ke yaɗa sahihin bayani ita ce ke yaɗa na bogi, musamman yanzu da yawancin hulɗar ta koma dandalin WhatsApp. Har yau ana yawo da zancen cewa allurar rigakafi ke haddasa galahanga, alhali mujallar Lancet da ta buga rahoton a 1998 ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya rubuta shi. Ƙungiyar da ba ta da wani ma'aikacin lafiya da take komawa gare shi tana iya zama kasuwar masu tallar garin magani. Nauyin tafiyar da ita kuma kusan kullum a kan mata yake, matan da dama can aiki ya yi musu yawa, iyaye maza kuwa akasari sun tsaya a biyan kuɗi, wasu ma sun yi saki sun huta. A ganina wannan shi ne babban giɓin da ke cikin harkar, domin maigida ne ke yanke shawarar inda kuɗin gida za su tafi, kuma idan ba ya wurin da ake bayani, shi ne zai ci gaba da kai su inda ba su da amfani.

Ga kuma matsalar harshe da matsayi. Mafi yawan cibiyoyin da aka ambata suna Legas da Abuja, kuma da Turanci ake gudanar da su. Bahaushiyar da ke zaune a Agege ko Idi Araba, ko a Sabon Ibadan, tana iya kasancewa tafiyar mota ɗaya ce tsakaninta da taimako, amma ba ta taɓa jin labarinsa ba, in ma ta ji ba za ta ga wurin a matsayin nata ba. Wuraren da irinta ke taruwa, wato makarantun Islamiyya na matan aure, da ɗakin awon ciki da na rigakafi, da fadar Sarkin Hausawa, su ne ya dace a fara daga cikinsu. Sassan koyar da ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos, da Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, suna yaye ɗalibai kowace shekara waɗanda za su iya zama madogarar irin waɗannan rukunoni.

Ta ɓangaren doka, a kan takarda an yi nisa. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi ilimi kyauta har zuwa sakandare, da kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, aka kuma kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa a 2020. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ƙirƙiro asusu na musamman domin marasa galihu. Sai dai ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, ta shafe yawancin shekarun da suka biyo baya tana kewaya kashi 5. A cikin wannan ɗan kaso, wanda ya fi ɗaga murya shi ke samu. Makafi da kurame da guragu suna da tsofaffin ƙungiyoyi da shugabanni masu magana da bakinsu, yaron da ba ya magana kuwa sai abin da iyayensa suka faɗa. Rukunin da ya yi rajista, ko dai a matsayin ƙungiyar gama kai a ma'aikatar jiha ko a matsayin amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, zai iya buɗe asusun banki, ya rubuta wa ƙaramar hukuma takarda, ya nemi ɗaki ɗaya a asibitin sha-ka-tafi rana ɗaya a mako da ma'aikaciyar lafiya ɗaya da aka horar. Kuɗin wannan bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na gina cibiya.

Tambayar da ke hana iyayen barci ita ce wa zai riƙe yaron bayan ransu. Indiya ta fuskanci wannan a 1999, bayan matsin lambar ƙungiyoyin iyaye, da wata doka da ta kafa hukumar amintattu ta ƙasa domin masu galahanga da shanyewar gaɓoɓi da raunin fahimta. Ƙarƙashinta akwai kwamiti a matakin gunduma mai ikon naɗa wa baligi mai larura waliyyi, wanda zai kula da shi da dukiyarsa, ya kuma riƙa ba da bayanin yadda ya sarrafa ta. A nan gida, ga iyalan Musulmi, shari'a ta tanadi waliyyi ga dukiyar wanda ba zai iya juya ta da kansa ba, amma wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada. Uban da ke son ware wani abu domin ɗansa mai larura dole ya yi haka tun yana raye, ta hanyar kyauta ko waƙafi, da shaidu da rubutu. Jihohi irin su Sakkwato da Zamfara da Kano suna da hukumomin zakka da waƙafi da za a iya tuntuɓa kan haka, mazauna kudu kuma sai su nemi lauya da malami su zauna tare, tun da kotunan da za su duba takardar a can ba lalle ne na shari'ar Musulunci ba.